Ra'ayinmu: Ƙasar Noman Kudancin Kaduna Na Tafiya A Ruwa, A Fara Auna Ta

Da zarar marka ta kankama a watan Agusta, rafukan da ke kewaye da Samarun Kataf, Zonkwa da Kagoro kan juye su koma ja kamar an dama jar ƙasa a ciki. Mutanen yankin sun saba da hakan har ba sa ɗaukarsa labari, domin a wajensu haka ruwan damina yake tun kaka da kakanni. Sai dai wannan launi ƙasa ce, kuma mafi kyawunta: ta saman gona, wadda ke riƙe da taki da danshi, wadda manomin citta da na masara da na acca suka zuba guminsu da kuɗinsu a kanta. Kowane ruwan sama mai ƙarfi na kwashe wani abu daga cikinta ya miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogi kuma ya je ya sauke ta a inda ba a bukatarta. Matsayin wannan jarida shi ne, lokaci ya yi da hukumomin Nijeriya za su riƙa auna yawan ƙasar da ke tafiya, su kuma riƙa bayyana wa jama'a alƙaluman a kai a kai. Hanyar yin hakan ta samu, kuma mafi tsadar kayan aikin wasu ƙasashe sun riga sun biya kuɗinsa.

Mai karatu a Abuja na iya cewa ina ruwansa da launin rafi a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Ruwansa kuwa yana nan, har a cikin famfon gidansa. Kudancin Kaduna wuri ne da ruwa ke rabuwa. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, ya gangaro ta wannan yanki yana kwasar rafuka, ya nausa arewa maso yamma, ya yi kwana ya ratsa birnin Kaduna, sannan ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi bayan tafiyar kimanin kilomita 550. A kansa aka gina madatsar Shiroro mai ƙarfin megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700. Ƙasar da wutar da ake rabawa a cikinta kan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku ba za ta yi wasa da kogin da aka ɗora wa megawat 1,300 ba. Ruwan da ya sauka ta kudancin tsaunukan Kagoro kuma, irin wanda ke zuba a Matsirga kusa da Kafanchan, hanyar Binuwai yake bi. Sai Kogin Gurara, wanda aka datse a kudancin jihar aka tara ruwan da ya kai kimanin kubik mita miliyan 880, aka kuma ja bututu na kusan kilomita 75 zuwa madatsar Usuma da ke shayar da babban birnin tarayya. Ke nan ƙasar da ta bar gonakin kudancin Kaduna tana da masauki uku: injinan wutarmu, tafkunan ruwan shanmu, da gadon kogunan da ke cika su yi ambaliya.

Abin da laka ke yi wa madatsa a hankali take yinsa, shi ya sa ba a jin ɗuriyarsa a labarai. Ruwa mai gudu yana iya ɗaukar ƙasa, amma da ya shiga tafki ya tsaya, sai ya sauke kayansa. Yashi ya fara zama a bakin shiga, lallausar laka kuma ta ƙarasa can ciki kusa da bango. Shekara bayan shekara zurfin tafkin na raguwa alhali fuskarsa na nan yadda take, ta yadda mai kallo daga gaɓa zai rantse babu abin da ya canza. Kiyasin da masana suka daɗe suna amfani da shi shi ne, madatsun duniya na asarar rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na abin da suke iya ɗauka a kowace shekara. Idan aka ɗora mafi ƙanƙantar wannan kiyasi a kan Gurara, don misali kawai, lissafin zai ba da kubik mita miliyan 4 da 'yan kai a shekara. Tafkin da ya cike da laka ba ya riƙe ruwan da zai kai injin wuta ƙarshen rani, ba ya kuma da wurin tare ruwan da ya zo da yawa a Satumba, don haka a dole a buɗe ƙofofi a kan ƙauyukan da ke ƙasa. A matatar ruwa kuwa, duk lokacin da ruwan kogi ya ƙara gurɓata sai an ƙara alam da sauran magunguna, sai an yawaita wanke matatai, kuma kuɗin daga aljihun jama'a yake fita.

To ina tauraron ɗan'adam ya shigo? Bayanin ba shi da wuyar fahimta. Ruwa mai tsabta yana shanye yawancin hasken rana da ya faɗa masa, musamman jan haske da wani hasken da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani, shi ya sa tafki mai zurfi ke fitowa baƙi a hoton da aka ɗauka daga sama. Idan akwai laka a cikin ruwan, ƙwayoyinta kan mayar da hasken sama, kuma gwargwadon yawan lakar gwargwadon hasken da ke komawa. Na'urar da ke jikin tauraron tana auna wannan haske launi-launi, ta rubuta shi da lamba a kowane ɗigo na hoton. Idan lakar ta yi yawa sosai, jan haske kan kai maƙura ya daina nuna bambanci, sai masana su koma ga wancan hasken da ido ba ya gani. Abin da manomi ke gani da ido ya ce yau ruwa ya fi jiya ja, shi na'urar ke mayarwa lissafi, a kan dukkan tsawon kogi a lokaci guda.

Taurarin da ke wannan aiki sanannu ne. Amurka ta fara harba jerin Landsat a 1972, kuma tun 2008 ta buɗe taskar hotunansu kyauta ga kowa. Biyu da ke aiki yanzu, na 8 da aka harba a 2013 da na 9 da aka harba a 2021, kowannensu na komawa kan wuri guda duk bayan kwana 16, kowane ɗigo na hotonsu kuma na wakiltar fili mai faɗin mita 30. Tarayyar Turai na da Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, mai ganin mita 10 a ɗigo, yana kuma dawowa duk kwana 5, shi ma kyauta. Akwai na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua tun farkon shekarun 2000, wadda ke kallon duniya kusan kullum, sai dai ɗigonta mita 250 ne, don haka manyan koguna kawai take iya bi. Ma'anar wannan ita ce, akwai hotunan Kogin Kaduna da na Gurara da na tafkin Shiroro na shekaru da dama a ajiye, tun kafin a gina wasu madatsun, suna jiran wanda zai zauna ya karanta su. Ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet a Kafanchan zai iya sauke su yau.

Inda aka fi cin gajiyar wannan dabara shi ne Kogin Amazon a Kudancin Amurka, wanda ke kai wa teku ɗaruruwan miliyoyin tan na laka a kowace shekara, akasarinta daga tsaunukan Andes. A kusa da birnin Manaus na Brazil ne baƙin ruwan Rio Negro ke haɗuwa da ruwan Solimoes mai launin ƙasa, su yi tafiyar kilomitoci kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, abin da ke fitowa ƙarara a hoton sama. Masanan Faransa da na Brazil da na maƙwabtansu, ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa mai suna HYBAM, sun shafe shekaru suna ɗibar ruwa a tashoshi irin su Obidos, suna auna lakar da ke ciki, suna kwatanta sakamakon da abin da MODIS ta gani a ranakun. Da suka tabbatar cewa biyun na tafiya tare, sai suka iya bin diddigin lakar kogin har a wuraren da ba su da ma'aikaci ko ɗaya. A lura da abin da ya zo farko a wannan labari: mutum ne a cikin kwalekwale da kwalba a hannunsa. Hoton ya yi amfani ne saboda an sami abin gwada shi a ƙasa.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga karanta kogi ta launinsa. Masu nazarin Kogin Neja, wanda Bahaushe ke kira Kwara, sun daɗe da raba cikarsa a yankin Kainji gida biyu. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga ruwan saman da ya sauka a kusa, cike da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali inda ya sauke lakarsa, ya iso mana garau a cikin hunturu. A Lakwaja ma, inda Neja da Binuwai suka haɗu, masunta sun san wane ruwa ne na wane kogi. Wannan sani na gado ne, kuma daidai yake da abin da na'ura ke aunawa. Bambancin kawai, ita na'urar ba ta mantuwa, kuma ana iya ajiye abin da ta gani a gaban majalisa a lokacin kasafin kuɗi.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin, domin mun sha ganin yadda ake tallata fasaha a ƙasar nan kamar maganin kowace cuta, a sayi kaya, a yi bikin ƙaddamarwa, a kulle ɗaki. Babbar matsala ita ce gajimare. Watannin da ƙasa ta fi tafiya, Yuli zuwa Satumba, su ne watannin da sararin kudancin Kaduna ya fi rufewa, kuma waɗannan na'urori ba sa gani ta cikin gajimare. Ana iya shafe makonni ba a sami hoto mai kyau ko ɗaya ba, alhali ruwan dare guda na iya kwashe ƙasar da ta fi ta wata guda. Da rani kuma hazon hunturu kan shiga tsakani ya ɓata awon hasken, sai an yi gyara na musamman. Na biyu, rafukan Samarun Kataf ƙanana ne. Kafin a amince da awo, sai faɗin ruwan ya kai ɗigo da yawa, in ba haka ba hasken gaɓa da na bishiyoyi da na yashi zai gauraya da na ruwan. Wato a saman kogi tauraro zai fi amfani wajen nuna halin da ƙasar kanta ke ciki: inda aka sare daji, inda kwazazzabo ke faɗaɗa, inda aka buɗe ramin haƙa. Shi kuwa ruwan sai a jira shi a inda ya yi faɗi da kuma bakin tafkuna. Na uku, fuskar ruwa kawai ake gani. Yashin da ke birgima a ƙasan kogi, wanda shi ne ke fara toshe bakin tafki, ba ya fitowa a hoto. Sannan sanin yawan laka a lita guda bai isa ba, sai an san lita nawa ke wucewa a daƙiƙa kafin a ce tan kaza ya wuce a shekara, wannan kuma aikin tashar awon ruwa ne a bakin kogi.

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da Nijeriya ta rasa shi ne ɓangaren da ya fi araha. Auna laka a ƙasa aiki ne da ba ya buƙatar wani abin a zo a gani: a ɗebi ruwa da kwalba a wuri guda a lokaci sananne, a tace shi, a busar da abin da ya rage a kan takardar tacewa, a ɗora a sikeli, a rubuta miligiram nawa ne a lita. Abin da yake buƙata shi ne naci, wato a yi shi mako bayan mako, shekara bayan shekara, ko an canza gwamna ko ba a canza ba. Sanannen abu ne a tsakanin masu harkar ruwa cewa tashoshin awon koguna da aka gada tun zamanin Turawa da farkon 'yancin kai sun yi ta lalacewa tun daga shekarun 1980, kuma awon laka ya fi awon tsayin ruwa shan wahala. Ƙasa ce da ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, amma aikin da ɗan makaranta zai iya yi da kwalba da sikeli ya gagare ta ɗorewa.

Ba hukumomi muka rasa ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos, a kan tsaunukan da Kogin Kaduna ya taso. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana Mando a birnin Kaduna. Hukumar NIHSA, mai fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, tana Abuja. Hukumar raya kogin Neja ta sama, wadda yankin ke ƙarƙashinta, tana Minna, kusa da Shiroro da Zungeru. Jami'ar Jihar Kaduna na da reshe a Kafanchan, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli na da sashen koyar da aikin gona a Samarun Kataf ɗin kanta. Idan aka zana waɗannan wurare a taswira, za a ga yawancinsu na kusa da kogi guda. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa ɗaya daga cikinsu alhakin aikin a rubuce, a ba ta kuɗinsa, a kuma san wanda za a tambaya idan rahoto bai fito ba. Mu a ganinmu NIHSA ce ta dace ta riƙe ragamar, tunda tattara bayanan ruwa shi ne dalilin kafa ta, NASRDA ta ɗauki nauyin karanta hotunan, makarantun Kafanchan da Samarun Kataf kuma su zama masu ɗibar ruwa da aunawa. Ɗalibin noma da ya shekara biyu yana auna ƙasar garinsu da ke tafiya a rafi zai fita da ilimin da babu allon da zai ba shi.

Kamfanonin da ke gudanar da madatsun wuta su ma su sa hannu a aljihu. Su ne farkon masu asara idan tafki ya cike, kuma kuɗin tashar awo goma bai kai na gyaran inji guda ba. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne da 'yan ƙasa za su biya. Ta yaya za a tabbatar cewa bishiyoyin da aka dasa da kwazazzaban da aka toshe sun rage zaizaya, idan ba a san yadda ruwan yake ba kafin aikin da bayansa? Yawan tsirrai da aka raba da yawan tarukan da aka yi ba su ne sakamako ba. Launin ruwan da ke fita daga yankin shi ne shaidar da ba ta karɓar na goro.

Me ke kwance ƙasar tun farko? Yankin na samun ruwan sama mai yawa, fiye da arewacin jihar, daga Afrilu har Oktoba, kuma yawancinsa tuddai ne da gangare. Ruwan farko yakan tarar da gonaki a share, babu abin da ya rufe su. Citta, wadda ita ce abin alfaharin Kachia da Jaba da Kagarko, tana son ƙasa mai laushi da aka kafce sosai, kuma irin wannan ƙasa ce ruwa ya fi saurin ɗauka idan ba a lulluɓe ta da ciyawa ba. Sare bishiyoyi don gawayi ya ƙaru tun da kuɗin gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, buhunan da ake jerawa a gefen hanyoyin yankin kuma birane suke nufa, har da wannan da muke ciki. Ga masu ɗibar yashi a gadon rafi, ga masu haƙar ma'adinai da ke wanke ƙasa a cikin ruwa su bar ramuka a buɗe. Wannan na ƙarshe tsohon ciwo ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a tsaunukan Jos da gefensu, suna wanke ta da ruwa, suna sakin dagwalon cikin rafuka. A irin wannan haƙa ne ma aka tono gumakan yumɓu na Nok, a ƙasar Jaba, waɗanda suka shafe fiye da shekara 2,000 a binne cikin ƙasar da ruwa ya tara, har Bernard Fagg ya fara nazarinsu a shekarun 1940. Ruwan yankin ya daɗe yana kwasa yana binnewa, tambayar ita ce ko saurinsa ya ƙaru, da nawa, kuma daga ina.

Amsar wannan tambaya ta fi shafar manomi a kan kowa. Masana ƙasa sun ce samuwar santimita ɗaya na ƙasar sama kan ɗauki ɗaruruwan shekaru, amma damina kaɗan sun isa su tafi da shi a gangaren da babu kariya. Manoman cittar kudancin Kaduna ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta cinye musu amfanin gona a 2023 ba, a shekarar da aka cire tallafin man fetur komai ya yi tsada, har da taki. Mutumin da ya ci bashi ya sayi buhun takin zamani, ruwa ya wanke rabinsa zuwa rafi a mako na biyu, ya yi asara sau biyu. Magungunan kuwa ba sabbi ba ne: yin kunya a gicciye da gangare, lulluɓe gona, barin ciyawa da bishiyoyi a bakin rafi, jera duwatsu a kan tudu kamar yadda mazauna tsaunukan yankin suka saba tun da. Amfanin awo shi ne ya nuna wa gwamnati a wace ƙorama za ta fara, tunda kuɗin da ke akwai ba zai kai ko'ina ba.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu tsallake ba. Kudancin Kaduna wuri ne da maganar ƙasa ke da zafi, kuma Zangon Kataf ta san abin da rikici ke jawowa tun 1992. Taswirar da ta nuna cewa laka ta fi fitowa daga wani yanki na iya zama makami a hannun mai neman ɗora laifi a kan manomi ko makiyayi, ko a kan wata ƙabila. Dole a fitar da bayanan tare da cikakken bayaninsu, a kuma zauna da sarakuna da masu unguwanni da shugabannin addinai da na makiyaya kafin a yanke hukunci a kan kowane fili. Hoto na nuna inda ƙasa ta tsiraita, ba ya nuna dalili. Wani wurin gonar da aka gudu aka bari ce saboda hare-hare, wani wurin kuma jama'ar da aka raba da ƙauyukansu ne suka taru suka matsa wa ɗan filin da ya rage. Rashin tsaron kansa dalili ne na amfani da tauraro, tunda akwai gaɓoɓin kogi da ma'aikaci ba zai iya zuwa da kwalba ba a halin yanzu.

Kada kuma a ɗauka laka abokiyar gaba ce a ko'ina. Ita ce ke sabunta fadamun da ake noman shinkafa da rake a ƙasar Nufe, ita ce kuma ta gina yankin Neja Delta. Masar ta ga abin da ya biyo bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, lokacin da lakar Nilu ta daina isa gonaki da bakin teku, manoma suka koma dogaro da takin zamani, teku kuma ya fara cin gaɓa. Madatsunmu na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna tare lakar da a da take wucewa kudu. Saboda haka ƙasa guda ce ake asararta a tudu, take cike tafki a tsakiya, ake kuma rashinta a ƙasa. Lissafi irin wannan ba ya yiwuwa jiha-jiha, shi ya sa ya kamata abin da aka auna a nan ya isa ga Hukumar Kogin Neja da ke Yamai, wadda ƙasashe tara ke cikinta.

Bayan ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta ci rayuka fiye da 600, an yi ta maganar yashe koguna, kuma duk shekara sai an sake ɗaga ta idan Kamaru ta ce za ta saki ruwan madatsar Lagdo. Yashe kogi aiki ne na biliyoyin naira, kuma wanda ya yashe ba tare da sanin yawan abin da ke shigowa daga sama ba zai sake biyan wani ɗan kwangilar bayan 'yan shekaru. Kafin Majalisar Tarayya ta amince da wani sabon kuɗin yasa, ta nemi a ajiye mata alƙaluman lakar Kaduna da Gurara da Binuwai a gabanta. Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ba sai ta jira Abuja ba. Tana iya ware kuɗi kaɗan a kasafin ma'aikatar muhalli, ta zaɓi gadoji huɗu ko biyar tsakanin Samarun Kataf da birnin Kaduna, ta ba makarantun Kafanchan da Samarun Kataf sikeli da takardun tacewa da kuɗin mota, a fara ɗibar ruwa daga ruwan farko na Afrilu mai zuwa, a kuma riƙa liƙa sakamakon kowane wata a intanet da sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Zonkwa.